Casa'in da Biyu a Kan Hanyar Zango

Maliki: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Jafaru: Wa alaikumus salam. Maliki, ni ne, Jafaru.

Maliki: Wane Jafarun? Uku na sani, biyu mutanen kirki ne.

Jafaru: Na ukun ne. Ina wuni?

Maliki: A'a, mijin Kande. Lafiya lau. Ya gida, ya yara? Ƙaramar nan ta daina tarin?

Jafaru: Ta daina, alhamdu lillahi. Ya gareji?

Maliki: Gareji sai godiya. Ya zafin nan? Jiya na ajiye sifana a rana, da na dawo ta lanƙwashe kamar taliya.

Jafaru: Maliki, katina saura kaɗan.

Maliki: Tun da aka kawo waya Daura katinka saura kaɗan yake. Ya surukinka, Alhaji Auta? Idon da aka yi wa aiki ya washe?

Jafaru: Ya washe. Yana nan ma tare da ni.

Maliki: Ka gaishe shi. Kuna ina ne nake jin iska haka?

Jafaru: Hanyar Zango. Ta'aziyya za mu, yau ce fitarsa ta farko mai nisa. Motar ce... na dai tsayar da ita.

Maliki: Motarsa da ya ba ka ajiya?

Jafaru: Ita. Muna cikin tafiya sai wata jar fitila ta kama, mai kamar buta.

Maliki: Wuta? Ku fita mana!

Jafaru: Buta, buta. Irin ta alwala, da ɗigo a bakinta. Sai kuma inji ya fara kaf-kaf-kaf kamar ana sassaƙa turmi.

Maliki: To. Ka kashe?

Jafaru: Na kashe. Na ce wa Baba zan kama ruwa, na zagayo bayan wata bishiyar bedi. Yana zaune a gaba da carbinsa, yana cewa in zo mu tafi kar a yi azahar ba mu.

Maliki: Kar ka tayar da ita. Wannan butar baƙin mai take kuka.

Jafaru: Ai shi ne abin da ya ɗaure min kai. Ba mai ba ne. Lambar nan ta allon mota, mai nuna lafiyar mai, casa'in da biyu take nunawa. Da idona na gani, Baba ma ya sa tabarau ya gani.

Maliki: Casa'in da biyu.

Jafaru: Cikin ɗari. Me ka yi shiru?

Maliki: Ina yi mata addu'a ne. Je ka buɗe gaban motar, ka zaro sandar awon mai, mai kunne rawaya. Ka goge, ka mayar, ka sake zarowa.

Jafaru: Zai gan ni.

Maliki: Murfin zai kāre ka. Je ka.

Jafaru: Tsaya... Na'am, Baba, ruwan lagireto nake dubawa... To, na zaro. Na goge da hulata.

Maliki: Allah ya jiƙan hula. Me ka gani?

Jafaru: Babu komai. A can ƙarshen bakin ne kawai akwai wani abu baƙi, mai kauri, kamar kwalta.

Maliki: Koma bayan bedinka mu yi magana. Yaushe rabon da a juye mata mai?

Jafaru: Tun kafin a yi wa Baba aiki. Wata goma sha ɗaya ke nan. Amma ai ba ta nema ba. Shi da kansa ya ce kar a taɓa sai lambar ta sauko sha biyar.

Maliki: Sau biyu ina ce maka kawo ta a juye, kana ce min ba ta nema ba. Jafaru, abin nan ba shi da hanci, ba shi da harshe. Ba ya leƙa cikin inji ya ga ko akwai mai ko babu. Lissafi kawai yake: sau nawa inji ya juya, zafi nawa ya sha. In an zuba sabon mai sai a danna masa maɓalli a ce an zuba, ya koma ɗari. Ko kunun tsamiya ka zuba ka danna, ɗari zai rubuta maka, har da godiya.

Jafaru: To ai ba wanda ya danna.

Maliki: Hmm.

Jafaru: Maliki, mene ne hmm?

Maliki: Ka tuna lokacin da Sada na unguwarku ya are ta ya je Kano ɗauko kayan ɗakin ƙanwarsa?

Jafaru: Rage murya.

Maliki: Ni da nake Daura zan rage murya? Da ya dawo sai ya cika tanki, kamar yadda ɗan halak yake yi in ya ari mota. Sai ya ga lambar nan ta ragu da bakwai. Ya zo wurina hankali a tashe, wai kunya ba za ta bar shi ya mayar da kayan aro da giɓi ba, in cika masa wannan ma. Na ce ba a cika ta, sai dai a juye mai. Ya ce mai sabo ne, ba za a zubar da ni'ima ba. Ya haɗa ni da Allah, ya haɗa ni da iyayena. Sai na danna.

Jafaru: Ka danna.

Maliki: Da ɗan yatsa ɗaya. Shi kuma ya gaya wa Hafizu, da Hafizu zai kai 'yan biki Damagaram. Hafizu ya gaya wa Malam Sabiru, da ya kwashi ɗalibai tara zuwa musabaƙa Katsina. Daga nan ya zama ladabin unguwa: in ka ari motar Alhaji, ka wanke, ka cika tanki, ka biya ta wurin Maliki. Har akwai wanda ya dawo daga rabin hanyar gidanka don ya manta.

Jafaru: Inna lillahi. Ni kuwa da na ga tana hawa bayan ta sauka, cewa na yi hutu ne yake farfaɗo da ita. Haka na gaya wa Baba.

Maliki: Ya yarda?

Jafaru: Har nasiha ya yi da ita a majalisa. Wai ku dubi ƙarfe ma in ya samu natsuwa yana komawa sabo, balle ɗan Adam.

Maliki: Nasihar ta yi kyau. Man ne dai bai ji ta ba.

Jafaru: Kana dariya, ni ina tsaye a kan wuta. Ka san sharaɗin da ya kafa min? In ɗumama ta da safe, in kai shi masallacin Juma'a, in mayar in lulluɓe. Shi ke nan. Ya ce mitar tafiya ba ya kallonta, duk motar da ta biyo ta Kwatano an riga an juya mata ita. Wannan lambar ita ce shaidarsa. Shekara talatin yana rubutu a kotu, ya ce bai taɓa ganin shaida adali irinta ba, ba ta da dangi, ba ta karɓar goro.

Maliki: Ba ta karɓa kam. Kyauta take yi.

Jafaru: Duk Juma'a sai ya ce in karanta masa. In ce casa'in da takwas, ya ce madalla, Kande ta yi dacen miji mai amana. A gaban 'ya'yansa maza yake faɗa, su da ya hana su makullin ya ba ni.

Maliki: To kai me ya kai ka bayarwa?

Jafaru: Ta yaya zan hana? Mutum ya tsaya a ƙofar gidanka, matarsa na naƙuda, mota na lulluɓe a zaure yana kallonta. Ka ba wannan, gobe mai rasuwa ya zo. Ka ba mai rasuwa, ka hana mai biki, a ce ka zaɓi mutuwa a kan aure. Ban taɓa karɓar ko sisi ba, Allah shaida ne.

Maliki: Na sani. Da kana karɓa ai da ka juye mai.

Jafaru: Yanzu mene ne abin yi? Zango ba nisa. In na lallaɓa a hankali...

Maliki: In ka lallaɓa a hankali, injin zai buga a hankali. Ko tsawon filin idi ba za ta kai ba. Yanzu da sauran rai, in Allah ya so. Ka murɗa makullin nan kuma, sai dai a ɗauko ta a bayan babbar mota ta ratsa tsakiyar Daura kowa na yi mata Allah ya jiƙan rai.

Jafaru: To ka zo.

Maliki: Zan hau babur da galan da sabuwar filta, kafin la'asar kun isa gidan makoki.

Jafaru: A'a, tsaya. In ya gan ka da galan zai ce me ya sami man, ga shaida na cewa casa'in da biyu?

Maliki: Sai in zo da shi a cikin buta in ce ruwan alwala ne.

Jafaru: Maliki, don girman Allah.

Maliki: To ka ce yoyo take.

Jafaru: Kullum sai ya sa an duba ƙasan inda take kwana. Ko ɗigo babu.

Maliki: Ka ce aljanun hanyar Zango ne. An sha yi. Akwai direban da suka shanye masa mai, suka bar masa rasit.

Jafaru: Mutumin da ya yi shekara talatin yana jin ƙarya iri-iri? Tambaya uku zai yi min. A ta huɗu zai ce in ɗora hannu a kan Alƙur'anin da ke cikin aljihun motar. Ni ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba tun da na auri 'yarsa.

Maliki: To ka ce lambar ce ta lalace.

Jafaru: Sai ya ce a kai ta Kano wurin masu kwamfuta. Su kuma su buɗe cikinta su karanta masa har ranar da ta je Damagaram.

Maliki: Ranaku. Sau biyu ta je.

Jafaru: Sau ɗaya na bayar.

Maliki: Hafizu ya manta da wata gwaggo a can.

Jafaru: Wayyo ni. In na tayar, na kashe masa mota. In na ƙi tayarwa, sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili, yau Kande za ta ji daga bakin yayyenta... Helo? Maliki? Kana ji na?

Maliki: Ina ji, layin ne yake shaƙewa. Ni dai abin da na sani, lambar nan agogon masallaci ce. Ana dubawa, amma mai hankali yana ɗaga kai ya leƙa rana. Da kana zaro sandar nan ko sau ɗaya a mako...

Jafaru: Wa'azin ya isa. Tsaya. Ya fito daga motar.

Maliki: Wa?

Jafaru: Baba. Yana zagayawa... ya buɗe ƙofar direba. Makullin na jiki.

Maliki: Likita bai hana shi tuƙi ba?

Jafaru: Ya zauna. Yana gyara kujera. Maliki, yana bisimilla.

Maliki: To ka zaɓa, ɗan'uwa. Injin ko bakinka.

Jafaru: Baba! Baba, don Allah kar a murɗa. Babu mai a ciki... Na'am, na ga lambar. Lambar ba ta sani ba ne... A'a, ba lalacewa ta yi ba. Danna ta ake yi... Motar tana fita, Baba. Ni nake bayarwa... Tun watan da aka yi aikin... Da bakanike nake magana, Maliki... To. Ga shi.

Maliki: Jafaru, kar ka ba shi. Ka ce katin ya...

Alhaji: Salamu alaikum.

Maliki: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ya ƙarfin ido? Ya hanya? Ya muka ji da wannan rashi?

Alhaji: Sai haƙuri. Kai ne mai dannawa?

Maliki: Wato, Alhaji, shi abin nan yadda Turawa suka ƙera shi...

Alhaji: E ko a'a.

Maliki: E.

Alhaji: Sau nawa?

Maliki: Ban riƙe ba, ranka ya daɗe. Maɓallin dai ya ɗan goge.

Alhaji: Da azumin bana wani dattijo, abokina tun muna makarantar allo, ya ce min ya ga motata a Kongolam da raguna biyu a kujerar baya. Na ƙaryata shi a gaban mutane. Na ce ina da shaidar da ta fi idonsa. Tun ranar bai sake zama a majalisata ba. Gaskiya ya faɗa?

Maliki: Uku ne, Alhaji. Ɗaya ya kwanta.

Alhaji: To. Daga gidan makoki gidansa zan wuce in nemi gafara, kuma wannan da ke tsaye a gabana yana kallon takalmansa shi zai kai ni, ya maimaita abin da ya faɗa yanzu. Sauran maganarmu da shi sai a gida. Kai kuma ka taho da man.

Maliki: Yanzu-yanzu, ranka ya daɗe.

Alhaji: Ka taho da takarda, da sunan duk wanda ya hau ta, da inda ya je.

Maliki: Alhaji, a babur zan zo. Galan zai shiga, amma sunayen sai an yi sawu biyu.

Alhaji: Ka fara da mai ragunan. Abokina ya ce da kayan gareji a jikinsa.

Maliki: Helo? Alhaji? Ikon Allah, layin nan... helo, ba na ji ko kaɗ...