Kuskuren Na Zo Saya

A shagon tsofaffin faya-fayai, wani dattijo ya mayar wa mai shago faifan da ya miƙo masa.

"Ba wannan ba. Wanda suka yi gaban 'yan kallo nake so."

"Baba, mawaƙan rok ɗin nan ne dai, waƙar ma ita ce. Wancan duk shewa ce, mai piyanon har kuskure ya yi."

"Kuskuren na zo saya."

"Me za ka yi da shi?"

"Jikata ce yatsanta ya zame a taron makaranta. Tun ranar ba ta taɓa piyano ba. So nake ta ji yadda ya yi dariya, ya ci gaba har minti ashirin."

"Ci gaba ya yi? Ni daidai nan nake kashewa."

"To, saka mana. Kai ma zauna."