Cutar Ganye a Cikin Batir

A rumfar cajin waya ta unguwar Gidan Igwai, Malam Jelani, manomin tattasai daga Dundaye, yana jiran wayarsa ta ɗauki wuta ya kira ƙanensa ya nema masa aikin gadi a Legas. Wani matashi mai tuƙa keke-napep ya leƙo wayar.

"Baba, batirin nan ya gaji. Amma sauƙi na tafe. Masu bincike suna sarrafa ƙwayar cutar ganyen taba, su lulluɓe ta da ƙarfe su sa a batir, ya riƙa daɗewa da wuta."

"Irin wadda ka sa ganye dabbare-dabbare?"

"Danginta ce."

"Ita tac cinye min tattasai bana, ɗana. Su taho su kwasa kyauta."

"Ba ta gona suke so ba, sai wadda aka raina a ɗakin bincike."

"Ashe ko cutarmu ba ta da kasuwa." Jelani ya nisa. "Kai ina kas san wanga?"

"Shi na karanta a jami'a."

"To mi ya kai ka tuƙin keke?"



"Ni ma na gona ne, Baba. Ba wanda ya zo kwasa."