Azumin Gulma

A kan bencin shagon tela, wata ɗaliba tana jiran rigarta, tana jan carbin Rosari. Tun ɗazu take satar kallon kumburarren idon telan. Sai wata dattijuwa ta matso.

"'Yata, kin san wa ya fasa masa ido?"

"Mama, yi haƙuri. Mu 'yan Katolika, lokacin azumi kowa yakan bar abin da ya fi so. Ni gulma na bari, sai Ista."

"Ikon Allah! Ba nama ba? To ai ni zan faɗa, ke aron kunne kawai za ki ba ni."

"Fada ya ce kunne ma yana karya azumi."

"Madalla. Dama ba matarsa ba ce ta yi."

Yatsun ɗalibar suka tsaya cak a kan carbin.

"Ba matarsa ba?"

"In faɗa?"

"A'a! Don Allah kar ki faɗa!"

Ta runtse ido, ta ƙarasa addu'arta da ƙyar. Sannan ta lalubo wayarta, ta rage murya.

"Mama, ba ni lambarki. Ranar Ista, muna fitowa daga coci zan kira ki."