Ranar da Aka Huɗe Filin Kyaftin Japhet

Jawabin Malam Ishaya Senchi, tsohon hedimasta, a taron cika shekara guda da rasuwar Kyaftin Japhet Rikoto mai ritaya. Rikoto, Zuru, Nuwamba 2008.

Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi da dagatan da suka rako shi, Allah ya ja zamaninku. Rabaran da dattawan ikilisiya, Liman na unguwar nan da ya taso da jama'arsa ya zo ya zauna tare da mu, shugaban tsofaffin sojoji da mazajen da suka maƙalo lambobinsu a ƙirji, zumuntar mata da tun asuba kuke bakin murhu, sannunku. Mama Saloma, uwar gida. Leah, ɗiyarmu. Dangi na Rikoto da surukai na Manga. Ina gaishe ku duka, babba da yaro.

Ni aka ce in yi magana, wai don na fi kowa daɗewa da marigayi. Haka ne. Tare muka yi kiwon awaki a gindin dutsen can, tare muka shiga makarantar mishan, shi ya gudu soja, ni na tsaya da alli. Ku yi haƙuri da ni in na ja, tsohon hedimasta in ya samu mutane zaune shiru ba ya jin ƙararrawa.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Akwai wata magana da take yawo a garin nan tun ranar da muka binne Kyaftin. Wai surukinsa Gabriel, mijin Leah, shi ya karya masa zuciya. Wai daga abin da ya faru a filin golf ciwo ya kama shi har ya kai shi ƙasa. Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga coci, ta je Manga ta dawo. Yau shekara guda ke nan Gabriel bai sa hannu a kwano a gidan nan ba, Leah kuwa ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin gidan ubanta da gidan mijinta. Ni shaida ne a kan abin, kuma zan faɗa muku yadda aka yi. Amma sai na fara tuna mana ko wane ne mutumin.

Ya kasance soja tun gemu bai fito masa ba. Ya shiga a farkon yaƙin basasa, ya je Labanon, ya je Laberiya, ya tashi daga kurtu har ya kai kyaftin, ya dawo mana da ƙafa ɗaya tana ja. Ba mu taɓa jin ya ba da labarin harbi ba. Ya kasance shi ne mai sa matan sojojin da suka mutu a gaba, ya bi ofis-ofis da su, ba ya zama sai sun zauna. Ya kasance mai tsaron ƙofar coci, yana jera mu a benci kamar a fagen fareti, har Rabaran in ya makara sai ya sha harara. Ya kasance mai faɗa, kada mu yi wa mamaci ƙarya. Amma faɗansa ba ya kwana.

Mun tuna shekarar da labarin rikicin Kaduna ya iso garin nan, hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Kudu ya tashi, wasu har sun fara ɗaure kaya. Kyaftin bai kira taro ba. Kujera ya ɗauka ya je ya dasa a ƙofar shagon Okechukwu mai sayar da kayan mota, ya wuni yana cin gyaɗa. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi. Washegari shaguna suka buɗe. Ga Okechukwu can yana share ido, daga ranar suka zama ɗan jumma da ɗan jummai.

To, sai golf. A Kaduna ya koya, lokacin da yake ɗaukar wa kwamandansa jakar sanduna. Da ya yi ritaya ya sauko daga mota da wata doguwar jaka, muka yi ta raɗa cewa bindigogi ya kawo. Ashe abin ya fi bindiga ban mamaki. Gonar gado da ke bayan gidan nan, ƙasa baƙa mai kyau, mutumin nan ya share ta ya shuka ciyawa. Ciyawa, jama'a! A Zuru, inda muke noma har kan dutse! Ya haƙa ramuka biyar ya binne gwangwanin madara a kowanne, ya kewaye su da yashi da aka cuɗa da baƙin mai na shagon Okechukwu, ya kafa tutoci da tsohon zanen Mama Saloma. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya ce: "Kyaftin, ciyawar za mu ci?"

Da damina muke wasan, ran Asabar da la'asar, lokacin da fili ya yi kore shar. Mu uku ne 'yan gindi, shi da ni da Okechukwu, wani lokaci likita ko ma'aikacin banki ya leƙo. Bugun farko da na yi a duniya, ƙwallo tana nan inda take, tabarauna ne ya tashi. Kyaftin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Shi ya koya mana cewa a wasan nan babu alƙali, kowa shi ke ƙirga bugunsa, kuma a nan ake gane mutum. In ƙwallon Okechukwu ta faɗa cikin duhuwa ya ɗan shure ta waje, Kyaftin ba ya ko waiwayowa, sai dai ka ji ya ce, "Oke, yaushe ƙafarka ta zama sanda?" Wallahi mun ji daɗin yammacin nan. Hadari na haɗowa daga gabas, muna ɗingishi daga tuta zuwa tuta, muna gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ina kewar lokacin ƙwarai.

Yanzu ga maganar. Baƙinmu da ba su san al'adarmu ba, a wurinmu saurayi ba ya neman mata da baki kawai. Yakan tara sa'o'insa su je su yi wa uban yarinya noma, shi ne muke kira golmo. A da shekaru ake yi ana yinsa. Yanzu da yawa sun bari, wasu kuma su yi sau ɗaya don girmamawa. Gabriel ɗan Manga ne, ɗan manoma, ya ce shi ba zai ɗauki ɗiyar Kyaftin ba sai ya yi yadda iyayensa suka yi. Ya kuma so ya yi abin ba zato, don haka bai yi shawara da kowa a Rikoto ba.

Daminar 2004 ce. Kyaftin ya tafi Kaduna a duba masa ido. Da sassafe sai ga samarin Manga da garemani a kafaɗa, har da mai ganga. Suka zagaya bayan gida, suka ga makeken fili ciyawa ta rufe shi a tsakiyar damina. Me manomi zai ce? Suka ce wayyo, tsoho ba shi da ɗa namiji, gona ta fi ƙarfinsa. Tutocin nan kuwa suka ɗauka alamar iyaka ce aka kafa musu. Aka buga ganga, suka duƙa. Mama Saloma ta ce ita tana kasuwa lokacin. Mun yarda, Mama. Sai dai ranar ba ranar kasuwa ba ce, kuma kunun da samarin nan suka sha ba daga sama ya faɗo ba.

Ina gida na ji ganga, na fito da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin in iso an gama. An huɗe filin daga tutar farko har ta ƙarshe, an shuka dawa, gwangwanayen madara an tattara su a gefe da kyau. Aiki kuwa ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Gabriel ya zo ya durƙusa gabana, zufa na zuba, fuska cike da murna, ya ce, "Baba Malam, mun rufa wa Baba asiri." 

Washegari da yamma Kyaftin ya dawo. Ni da Okechukwu muka bi bayansa, don mun san halin mutuminmu. Ya tsaya a bakin fili ya daɗe. Sannan ya shiga cikin huɗar yana jan ƙafa, ya duƙa ya damƙi ƙasa, muka ga hawaye na bin fuskarsa. Mutumin da bai yi kuka a gaban kowa ba tun muna yara. Ya juya ya shige gida. Mutane da yawa sun gani, kuma daga nan maganar ta samo tushe.

Dattawan Manga suka zo ban haƙuri, don in uban yarinya ya ƙi aikin, neman aure ya lalace ke nan. Kyaftin ya ce musu, "Aikin golmo ba a mayar da shi. A sa rana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka yi biki. Bayan girbi Okechukwu ya ce zai samo tarakta a baje filin a sake shuka ciyawa. Kyaftin ya ce ko kusa. Muka koma ramuka biyu a gindin dutse, inda garma ba ta shiga. Jama'a suka ce ai baƙin ciki ne ya sa ya saki wasan.

Ni ma haka na zata. Sai wata Asabar, daminar da ta biyo, muna gindin dutsen mu biyu, dawa ta yi tsayi a inda muke buga ƙwallo a da. Na ce, "Japhet, har yanzu ba ka huce da yaron nan ba?" Ya dube ni ya ce, "Ishaya, kai malami ne amma ba ka da kai." Ya jingina da sandarsa ya ce, "Ka manta yadda na auri Saloma? Hutu aka ba ni daga bakin daga, na zo cikin kaki na ɗauke ta. Ubanta ya mutu garmata ba ta taɓa gonarsa ba. In sa'o'ina suka zauna suna labarin golmo, ni sai in tashi, don na san suna ce wa nawa auren bariki. Na dawo gida ƙafa ta lalace, ɗa namiji babu, roƙon gayya kuma bakina ba zai iya ba. Ina son golf, awo, ina sonsa har raina. Amma ka zaci don shi kaɗai na shuka ciyawa? Wa zai nome mini gonar?"

Sannan ya ce, "Ran nan na dawo na tarar an yi mini abin da ni ban yi wa kowa ba. Yaron nan ya mayar da ni mutumin Zuru. Kukan da ka gani ke nan." Na ce to ka gaya masa mana, yaro na tafiya kai a sunkuye. Ya ce, "Suruki ne fa! In zaunar da shi in yi masa kuka? In na mutu, in ka ga da bukata, ka faɗa."

Jama'a, na ga bukata. Maganar da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara ta. Hawan jinin Kyaftin tun daga Laberiya ya taho da shi, Mama Saloma ce mai ba shi magani, ku tambaye ta. Shekarunsa na ƙarshe su ne mafi daɗi da ya yi a garin nan. Ya ci tuwon dawar gonar ubansa, ya zauna cikin sa'o'insa bai ƙara tashi ba in ana labarin golmo, har ma shi ke cika baki.

Mama Saloma, kin yi haƙuri da soja, kin yi haƙuri da ciyawa, Ubangiji ya ba ki haƙurin wannan ma. Leah, ɗiyata, share hawayenki, mijinki bai ɗauki alhakin ubanki ba. Ku kuma dangi, ƙannensa da 'ya'yan ƙannensa, na san zafin rashi ne ya sa aka faɗi abin da aka faɗa. Ya isa haka. Kada in ƙara jin ta a bakin kowa, kun san ni, yawancinku na riƙe muku bulala.

Gabriel, ina ganinka can bayan rumfa kana ɗaukar kujeru kamar wanda aka yi hayarsa. Ajiye kujerar nan. Zo. A'a, kada ka durƙusa a nan, wuce gaba. Ba zan rufe jawabin nan ba sai ka zauna a tabarmar iyali. Mama, a matsa masa. Yauwa.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikin girbi ya zo, na kusa da na nesa, Kirista da Musulmi. Muna godiya ga masu dafuwa da masu waƙa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, kai ka ba mu Japhet, kai ka karɓe shi, ba mu da ƙara. Ka gafarta masa faɗansa, ka tuna masa alherinsa, ka ba shi hutu a inda ƙafa ba ta ciwo. Ka gafarta mana abin da bakunanmu suka faɗa ba da sani ba. Ka riƙe gidan da ya bari: matarsa Saloma, ɗiyarsa Leah, da ɗansa Gabriel. A cikin sunan Yesu. Amin.