Korar Malam Kashim Masaƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Ɗan Iya, wanda ya koya wa rabin mutanen da ke zaune a nan baƙi da wasali; mai girma Dagacin Tudun Amsa da masu unguwanninsa; Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya; Alhaji Dallatu, shugaban kwamitin da ke riƙe da wannan cibiya tamu ta koyon sana'o'in hannu; baƙinmu da suka taso daga Ɗanbatta da Minjibir da birnin Kano; iyayena mata da ke can gefen zana; ɗalibanmu da ake yayewa yau; jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kaltume. Ni ce nake koya wa mata ginin tukwane a wannan cibiya tun ranar da aka buɗe ta, yau shekara tara ke nan, kuma ni 'yan'uwana malamai suka zaɓa in yi magana da yawunsu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana bayan damina biyu da suka yi mana gardama. Ina gode wa manoman da suka ba mu auduga alhali rumbunansu ba kome. Ina gode wa matan da suka raba itacen girkinsu biyu domin mu gasa tukwane. Ina gode wa Inna Huseina, wadda take share mana wuri ta cika randa kullum safiya, ba a taɓa kiran sunanta a taro ba sai yau.

To, shugaba, iyakar godiyar da nake da ita ke nan. Abin da ya rage a bakina ba godiya ba ne, kuma ina roƙon kada a katse ni.

Magana ta farko ita ce ta rumfar saƙa. Duk wanda ya san cibiyar nan ya san doguwar rumfar da take a gabas, mai masaƙa goma sha biyu, kuma ya san wanda ya kafa ta. Malam Kashim ne. Kakansa ya zo daga Barno ya zauna a garin nan, a nan aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi, kuma babu gidan da ba a taɓa lulluɓa da gwadonsa ba. Shi ya sari itacen, shi ya haƙa ramukan, shi ya kafa kowace masaƙa da hannunsa. Da aka yi fari, gero ya bushe a tsaye, cutar bushiya ta kwashe shanu, magidanta suka fara ɗaure kaya za su tafi ci-rani, sai Malam Kashim ya bi su gida-gida yana cewa, "Ka ba ni wata uku. In hannunka bai kama ba, ni da kaina zan raka ka tasha." Mutum goma sha biyu suka zauna. Gida goma sha biyu suka ci tuwo da zaren rumfar nan a shekarar da wasu suke dafa dusa.

A farkon daminar bara aka ce hatsin agaji zai zo, ana bukatar wurin ajiya. Alhaji Dallatu ya zo da magina ya ce a tuge masaƙun, za a kewaye rumfar a yi sito. Ina tsaye a wurin, hannuna duk yumɓu. Malam Kashim ya ce, "Alhaji, akwai zare a kan kowace. Ka ba mu mako guda mu sauke." Alhaji ya ce, "Malam, mutane suna jin yunwa kana maganar zare?" Malam Kashim ya ce, "Ai zaren ne abincinsu."

Ba a ba shi makon ba. Ba a ba shi ko yini ba. Aka tuge su aka jibge a bayan katanga, ruwan farko ya jiƙa su, gara ta ƙarasa. Hatsin agaji ya zo, gaskiya ne, ya yi kwana shida aka rabar. Daga ranar zuwa yau abin da ke cikin sito ɗin nan takin zamani ne na sayarwa, kuma babu wanda ke wurin nan da bai san mai shi ba.

Malam Kashim bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba. Ya tsinci abin da gara ta rage, ya haɗa masaƙa biyar a gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya ci gaba da koyarwa. In hadari ya taso su naɗe zare su ruga, in ya wuce su dawo. Mutum bakwai da ba su sami masaƙa ba suka hau mota suka yi kudu, har yau biyu daga cikinsu ba a ji ɗuriyarsu ba.

Magana ta biyu ita ce ta ranar baƙi. Wasu daga cikinku suna nan ranar da manyan baƙi suka zo daga birni duba ayyukan karkara. Ana gobe za su zo aka aika gindin tsamiya aka kwashe gwadaye tara da aka saƙa a can, aka rataye su a jikin sito, a jikin katangar da ta kori masu saƙa su. Da safe Malam Kashim ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a ya taho. A bakin ƙofa aka tare shi aka ce ciki ya cika. Aka tsayar da Badaru, ɗan ƙanwar Alhaji, a gaban gwadayen, aka ce da baƙi ga malamin saƙa.

Ban zo in ci mutuncin Badaru ba, yaron kirki ne, sa shi aka yi. Amma wata baƙuwa ta shafa gwado ɗaya ta tambaye shi kwana nawa ake yi ana saƙa irinsa, sai ya waiga yana duban kawunsa. Alhaji ne ya amsa, ya ce kwana biyu. Kwana biyu, jama'a! Gwadon da Sani, ɗalibin Malam Kashim, ya yi kwana goma sha tara a kansa, har yatsunsa suka tsage! Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa, mai aikin yana tsaye a rana a bayan ƙofa yana jin tafin.

Magana ta uku ita ce wadda ta fi ci mini rai, domin da bakina aka yi ta. Bayan baƙi da mako biyu aka ba Malam Kashim takarda. Ya sauke Alƙur'ani tun ina goye, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma ba ya karanta boko, sai ya kawo mini inda nake gashin tukwane ya ce, "Ƙanwata, duba mini." Na karanta masa. An rubuta cewa kwamiti ya sallame shi saboda ba shi da takardar shaidar ƙwarewa, kuma cibiya tana bukatar malami mai ilimi. Can ya ce, "Sake karanta mini wurin nan na ƙarshe." Na sake. Ya ce, "Mai ilimi." Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Ki kula da wutarki, ta yi yawa ta gefen can, tukwanen za su fashe." Ya tafi.

Ni kuma na yi shiru. Zan faɗa a gabanku, na yi shiru, domin ina da marayu uku kuma na ji tsoron kada takarda ta biyu ta zo da sunana. Mu huɗu da muka rage duk muka yi shiru. Wata bakwai ina kwana ina tashi da wannan abin kunya.

Kun san inda mutum mai shekara sittin da ɗaya ya tafi? Birni ya tafi yana ga-ruwa, yana saɓa garwa biyu a kafaɗa yana bin lunguna. Wata rana santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ya faɗi a kan hannunsa na dama. An yi ɗori, ɗorin bai zauna daidai ba. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Hannun da ya yi shekara arba'in da biyar yana jefa ƙoshiya tsakanin zare, yau ba ya iya riƙe ludayin koko.

Alhaji Dallatu, ba kai ka tura shi kwata ba, ban ce haka ba, kuma ba zan ce ba. Amma kai ka tuge masaƙarsa, kai ka tare shi a ƙofa, kai ka sa hannu a takardar. Shekarun nan sun yi wa kowa zafi, mun sani. Fari daga Allah ne, mun karɓa. Bushiya daga Allah ce, mun karɓa. Amma wannan ba fari ba ne, wannan mutum ne ya zauna ya rubuta.

Yanzu ga takardun shaida can a kan teburi, na masaƙa biyar da ake yayewa. Na leƙa su da safe. A gurbin sunan malami an rubuta Badaru. Sani ya same ni ya ce, "Malama, 'ya'yana huɗu, ina bukatar takardar nan, amma in na karɓe ta da wannan suna, da wane ido zan dubi Baba Kashim?"

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuma roƙo muke yi ba. A gyara sunan nan yau, kafin a miƙa wa kowa takarda. A fitar da takin nan a mayar wa masaƙa rumfarsu kafin ruwa ya sauka. A mayar da Malam Kashim bakin aikinsa, domin hannu ne ya lalace, ido da baki suna nan, kuma daga nesa yana gane zaren da ya yi sako-sako. In kwamiti yana son takardar shaida, ya shiga kowane gida a Tudun Amsa ya ɗaga abin lulluɓa ya duba. In kuwa ba za a yi ba, to mu huɗu mun yi shawara, mai tukwane da mai ɗinkin hula da mai sassaƙar ƙwarya da mai dukanci: daga ranar Litinin a gindin tsamiya za a same mu, ku riƙe gininku.

Jama'a, Malam Kashim ya dawo gari shekaranjiya. Ba a gayyace shi ba, amma ya zo ya ga yaransa. Ga shi can ƙarshen taro a tsugune a jikin darbejiya, ya rufe hannun da hannun riga. Jiya ya aiko matarsa ta ce mini don Allah kada in ambaci sunansa. Baba Kashim, ka yafe mini, na kame bakina wata bakwai, yau ba zan iya ba. Sani, ga kujerata, ɗauka ka kai masa. A'a, tsaya. Bar ta a nan gaban jama'a, ka je ka kamo hannunsa na hagu ka kawo shi.

Ya Allah, ka ba mu damina mai albarka, ka cika rumbunanmu, ka dawo mana da waɗanda suka tafi kudu lafiya. Ka ba Malam Kashim sauƙi, ka sa wa hannun ɗalibansa albarka. Ka ba shugabanninmu ikon gyara abin da suka ɓata tun suna da rai, mu kuma ka yafe mana shirun da muka yi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.