Wa Ya Sunkuya a Zanen Rabilu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai da likitoci, 'yan'uwanmu na unguwar Batha da na unguwar Birnin Masana'antu, maza da mata, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni wannan dama, na kuma gode wa waɗanda suka kama mana wannan istiraha, wato gidan shaƙatawar da muke ciki.

Ga zanen nan a jingine, kowa na gani. Rabilu mai fenti ya yi shi don tunawa da sulhun da aka yi bara tsakanin reshen Batha, ƙarƙashin Alhaji Mu'azzam, da reshen Masana'antu, ƙarƙashin Malam Ghali. Mutanen Batha sun ce an zana shugabansu a sunkuye, don haka ko a gyara, ko su fice daga ƙungiya. Ni ba ɗan kowane reshe ba ne, abin da na gani kawai zan faɗa.

Da farko, a Rasha na yi karatun injiniya, daga baya aiki ya kai ni Istanbul. Rashawa da Turkawa sun shafe ƙarnuka suna yaƙi suna sulhu, suna sulhu suna yaƙi, kuma kowa ya sa masu zanensa sun ba da labari. A gidajen tarihin Rasha na ga kwamandan Turkawa yana miƙa takobinsa, kai a ƙasa. A na Turkiyya na ga jakadan baƙi gaban Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, fadawa biyu riƙe da damatsansa. Na tambayi wani mai gadi, na ce, "To wa ya ci nasara?" Ya ce, "Wanda ya sa aka yi zanen."

Na biyu, saboda gudun a ce wani ya fara zuwa wajen wani, har a tsakiyar kogi suka taɓa musayar jakadu, kowa ya taso daga gaɓarsa. Duk wannan kiyaye girma bai hana su komawa fagen daga ba.

Na uku, Rabilu bai zana kowa da takobi ba, bai zana kowa a durƙushe ba. Alhaji Mu'azzam dogo ne, Malam Ghali kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ba a ba shi tsawo ba. Da dogo da gajere in za su gaisa, dole ɗaya ya rage tsawo. Jiya na je wajen Rabilu, na tarar abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce mini, "Wallahi Injiniya na gwada miƙe Alhaji a takarda. In na miƙe shi, hannayensu ba sa haɗuwa."

To jama'a, zaɓi na gare ku: Alhaji a miƙe hannunsa a iska, ko Alhaji a sunkuye hannunsa cikin na ɗan'uwansa.

Allah ya haɗa kanmu a wannan ƙasa ta baƙunci, ya tsare mana iyalanmu na gida, ya mai da kowa masaukinsa lafiya. Na gode.