Tauraro da Gawar Yaya Bukar

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, Modu ne daga Gashua.

Bara kun ba mu labarin kumbon da ya ƙone da mutanensa yana dawowa duniya. Na ce wa yayana Bukar, "Waɗannan ko gawar suturtawa babu." Da damina kuka ce ƙasarmu ta harba tauraron ɗan'adam mai hango ambaliya. Ana wannan murnar kogi ya cinye shinkafarmu, ya kife kwalekwalen Bukar. Har yau ba mu ga gawarsa ba.

An yi masa salla, amma Inna ta ƙi karɓar ta'aziyya, kullum tana ajiye masa tuwo. Don Allah a tambayar mana masana, tauraron nan yana ganin ƙarƙashin ruwa? In ba ya gani, me zan faɗa mata?